Nonon Kurciya da Kwakwar Mama Esi

Tun ranar da na dawo daga Ghana ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a majalisarmu ta ƙofar shagon Ɗanlami tela a Fagge, sai wani ya ce, "Malam Nasiru, wai da gaske a can rawa ake yi a wajen mutuwa?" Kafin in buɗe baki wani ya ce, "A'a, fara gaya mana abin da ya kai ka." Na ba da labarin nan ya fi sau bakwai, kuma kowane karo akwai wurin da nake tsallakewa. To jiya labari ya iso mini cewa abokin tafiyata, Dokta Obinna, ya fara ba da nasa a Sabon Gari, shi kuwa ba ya tsallake komai. Gara in rubuta da hannuna kafin ya ƙara masa gishiri.

Ga wanda bai san ni ba, shekarata ashirin da 'yan kai ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na sashen tsirrai a wata makaranta a nan Kano. Aikina leƙa madubin nan da ke girmama abin da ido ba ya iya gani. Akwai wasu ƙananan halittu masu wutsiya ɗaya, dangin ƙwayar da ke sa wa shanu sammore, mutane kuma ciwon barci. Su waɗannan ba ruwansu da jini, a cikin ruwan tsiro suke zama, ƙwari masu tsotso ne ke kai su daga wannan tsiro zuwa wancan. A wasu tsirran zaman lafiya suke yi. A Kudancin Amurka kuwa suna kashe kwakwa da bishiyar kofi, su lalata rogo. A nan Kano ina samun su a cikin nonon kurciya, ciyawar nan mai farin ruwa da ke fitowa a gindin katanga.

Dokta Obinna shi ne shugabana a wajen aiki, ko da yake na girme shi nesa ba kusa ba. Haifaffen Sabon Gari ne, ɗan wani kafinta, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Shi aka gayyata horo na mako biyu a wata cibiyar bincike da ke bakin teku a Ghana, kan yadda ake gane waɗannan halittu ta gwajin DNA, aka ce ya zo da mutum ɗaya da samfur. Ni ne mutumin. Samfurin kuwa sai da na yi kwana uku ina tsugunne a bakin kwatoci, daga Kwaciri zuwa bayan Kasuwar Singa har jikin katangar wani coci a Sabon Gari, ina tsinkar ciyawa ina ɗiga nononta a kan 'yan katuna na takarda. Wani ɗan dako a Singa ya tsaya a kaina da buhun sukari a ka, ya ce, "Baba, in maganin maza ne ka faɗa mana, kada ka ci kai kaɗai."

Ta mota muka tafi. Dokta ya ce wai don in ga duniya ne. Gaskiyar magana tsoron jirgi yake yi. Muka hau doguwar motar nan ta Legas a tashar Sabon Gari, kafin mu wuce Kwanar Dangora wani mutum mai jaka ya miƙe a tsakiyar mota ya fara tallar magani. Kwalba ɗaya ce, amma tana maganin shawara da basur da hawan jini da mantuwa. Na ɗaga hannu na ce, "Yana yi wa tumatir?" Ko gezau bai yi ba, ya ce, "Cokali biyu a gindi, safe da yamma." Dokta ya ce in muka dawo mu ɗauke shi aiki mu huta.

A Legas muka canja mota. A garin Kwatano ban ga komai ba sai 'yan acaɓa masu rawayar riga, dubbai, kamar an fasa buhun masara a titi, ga fetur a manyan kwalabe a bakin hanya kamar zoɓo, ga burodi dogo kamar sandar makiyayi, wanda na gatsa ya kusa tafiya da haƙorina. Togo kuwa na ce bari in ɗan rufe ido, da na buɗe Dokta ya ce, "Tashi, ƙasar ta ƙare."

A kan iyakar shiga Ghana ne abin farko ya same ni. Katunan nan na samfur na ƙulle su a leda, saboda tsoron kada kaya su danne su sai na sa su a cikin hulata. Dokta ya tafi layin buga fasfo da takardar izinin samfurin a aljihunsa, ya bar ni da jakunkuna. Wani jami'i mai fara'a ya duba kayanmu tsaf, ya gama, sai ya ce in ɗaga hula. Na ɗaga. Leda ta faɗo a kan teburinsa.

Ya buɗe, ya ga katuna masu ɗigon wani abu da ya bushe, kowanne da lamba. Fara'ar ta ragu. Ya tambaye ni da Turanci mene ne wannan. Ni kuma sunan ciyawar na boko da na yi shekara ashirin ina rubutawa sai ya gudu daga kaina. Abin da ya rage mini sunanta na Hausa, sai na fassara masa shi kai tsaye. Na ce nonon kurciya ne.

Ya dube ni. Ya dubi katin. Ya ce, "Tsuntsuwa?"

Na ce a'a, wato e, sunan ke nan, amma.

Bai bari na ƙarasa ba. Ya juya ya kira abokan aikinsa, ya ce su zo ga wani bawan Allah daga Kano da ke tatsar kurciya. Suka taru su biyar. Wata mai igiya a kafaɗa ta tambaye ni da hannu nake yi ko akwai inji. Ina cikin rantse-rantse Dokta ya iso, ya tsaya a bayansu yana sauraro. Da gangan ya bari na ƙara minti biyar ina zufa kafin ya zaro takardar. Aka karanta, aka buga hatimi, aka sallame mu da dariya. Har muka shiga mota ina jin wani yana kukan kurciya a bayana.

Wanda ya tare mu a garin da cibiyar take shi ne direbansu, Alhaji Bawa, dattijo mai ƙaramin gemu, ɗan unguwar Hausawa da suke kira zango. Ya ce kakansa daga Kano ya zo fataucin goro bai koma ba. Da ya ji ni daga Fagge nake sai ya ƙi kai ni masaukin cibiyar, ya ce ɗan'uwansa ba zai kwana a gidan baƙi ba, ya ba ni ɗakin ƙofar gidansa. Hausarsu da daɗi, sai dai ba ta san mace ba. Ya ce da ni, "Hajiya ya gama abinci, yana zuwa." Na gyara zama ina jiran ƙato, sai ga wata baiwar Allah da tire. Da na yi masa magana ya ce, "Mu a nan aiki ya yi mana yawa, ba mu da lokacin rarrabewa. Wanda ke da ido ai zai gani."

Abinci kuwa, shinkafa da wakenmu ne suka ɗauka suka yi mata ja da karan dafi, suka ɗora mata taliya da garin kwaki da ƙwai da kifi duk a faranti ɗaya, kamar mai tashi daga gida ya loda kaya a a-kori-kura. Wannan na yafe musu, don da daɗi. Wanda ban yafe ba wani tuwon masara ne mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara. A gida da an ce ya lalace a ba awaki. Ana cin sa da wani baƙin yaji da suke kira shito. Na lakato da yawa don in nuna musu mutumin Kano ba a yi masa barazana da yaji. Hajiya ta miƙo mini ruwa tun kafin in roƙa.

Asabar ta farko na fito na ga an tare titi da rumfuna, ga kujeru, ga kiɗa a lasifika, mutane sanye da ja da baƙi suna rawa, ana raba lemo. Na ce, "Alhaji, ina amaryar?" Ya ce, "Yana cikin akwati." Ashe jana'iza ce, ta wata tsohuwa da ta rasu wata uku da suka wuce, aka adana ta a sanyi har dangi su taru. Na ce mu da muke yi wa mutum sallah mu kai shi kafin shayi ya huce. Ya ce ya sani, su ma a zango haka suke yi, amma in maƙwabci ya gayyace ka sai ka je, kuma duk garin ranar Asabar ba mai taɓa aiki in akwai irin wannan. Na yi musu dariya sosai a ranar.

Malamarmu a cibiyar wata farfesa ce daga Brazil, Luziya, gajeruwa mai furfura, dariyarta har waje. Ranar farko ta ji an ce na yi shekara ashirin a kan madubi, sai ta ɗora mini gilasai biyu ta ce in bambanta. Na leƙa, na leƙa, na ce abu ɗaya ne, tsawo ɗaya, wutsiya ɗaya. Ta ce na farkon yana kashe kwakwa, na biyun kuwa a hanjin ƙwaro kawai yake zama, bai taɓa cutar da ko ganye ba. Ta ce iri-iri ne, wasu na cikin 'ya'yan itace, wasu na cikin nonon ciyawa, wasu na shiga jijiyar bishiya su toshe ta, kuma duk kamarsu ɗaya a madubi. Sai an niƙa samfurin, an zuba magunguna, an sa a wani inji da ke zafi yana sanyi na sa'o'i, sannan a ga 'yan layuka suna haske a kan wani abu mai kama da daskararren kamu. Layukan ne ke faɗin dangin kowa.

Da aka gwada nawa sai ga su kashi uku. Na Kwaciri da na jikin cocin Sabon Gari dangi ɗaya. Biyu kuwa da na tsinka a gindin katanga ɗaya a bayan Singa, babu abin da ya haɗa su. Dokta ya ce, "Singa ce fa, kowa da inda ya fito." Farfesa ta yi murna da samfurin nan, ta yabe ni a gaban kowa, kaina ya kumbura. A ranar ce kuma ta faɗi maganar da ta jawo mini. Ta ce iyakar saninta, irin da ke kashe kwakwa ba a taɓa samun sa a wannan yankin ba. Na ce a raina, ai don Nasiru bai zo ba ne. Kafin la'asar har na raɗa wa abin da ban ma gano ba suna, da Fagge a ciki.

Ranar Laraba ta mako na biyu aka tura ni da Dokta da Alhaji Bawa gonar wata mata da ta kai kuka cewa kwakwarta na yin rawaya. Farfesa ba ta je ba, shito ya kwantar da ita. Mama Esi sunan matar, tsohuwa ce doguwa mai ɗaurin ƙirji, adda a hannunta kamar tare aka haife su. Ba ta jin Turanci sosai, Alhaji Bawa ne ke fassara. Bishiya goma sha biyu ne ganyensu na ƙasa ya yi rawaya, kuma da gonar nan take ci take riƙe gidanta.

Aka sauko mana da reshen fure daga babbar cikinsu. Dokta ya tafi tonon saiwa a ɗaya gefen, ni kuma na kafa ƙaramin madubin tafiya a kan benci. Na yanki guntun reshen na matse shi da filaya don ruwan ya ɗiga a gilashi. Ina matsawa na ji wani ɗan ƙas, wani wari kuma ya bugi hancina, irin na ƙwaron nan da ke tusa in an taɓa shi. Na ji, ba zan ce ban ji ba. Amma hankalina yana kan sunan da na raɗa. Na leƙa madubi.

Ga su nan, cike da gilashi, suna iyo suna kaɗa wutsiya.

Na yi kabbara da ƙarfi har kaji suka watse. Dokta ya rugo ya leƙa, ya ɗago ya ce, "Malam, mu kai cibiya tukuna. Kada ka ce komai." Na ce to. Ya koma wajen saiwarsa. Yana juya baya Mama Esi ta matso ta tambayi Alhaji Bawa abin da ya sa baƙo ihu. Alhaji ya dube ni. Na gyara hula na ce ya gaya mata mun gano cutar, irin ta ƙasar Farfesa ce, kuma ni ne mutum na farko da ya gan ta a nan. Ta ce mene ne maganinta. Na ce a can sare waɗanda suka kamu ake yi don kada ta bi sauran. Ban ce ta sare ba. Na dai faɗa ne don a san na sani. Ta dubi bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Juma'a da yamma sakamako ya fito. Muka taru a kan layukan nan masu haske. Nawa bai tsaya a layin masu kashe kwakwa ba, bai ma tsaya a na masu zama a tsiro ba. Samfurin saiwar da Dokta ya kawo kuwa fes, babu komai. Farfesa ta cire tabarau ta ce, "Nasiru, da ka matse reshen nan, ba ka ji wani wari ba?"

Na ce akwai ɗan wari.

Ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Ta ce na matse ƙwaro ne tare da reshen, abin da na gani mazauna hanjinsa ne. Ta ce kada in damu, ita ma ta taɓa yi tana ɗaliba, abin da ya cece ta ba ta gaya wa kowa ba kafin gwaji. Ta dube ni. "Kai ma ai ba ka gaya wa kowa ba?"

Alhaji Bawa da ke bakin ƙofa ya yi tari.

Mama Esi ba ta riƙe waya, hanyar gonar kuma ba ta biyuwa in rana ta faɗi. Da asuba muna idar da sallah muka ɗauki hanya, ni da Dokta da Alhaji. Duk tsawon tafiyar Dokta bai ce da ni uffan ba, wanda ya fi mini zagi ciwo. Tun daga nesa na ga wani fili a sama inda da babu shi. Babbar bishiyar tana kwance, ta karya dangar rogo a faɗuwarta. Sauran goma sha ɗayan kowacce an ɗaura mata jan ƙyalle. Mai injin yanka ya zo jiya da yamma ya kayar da ɗaya, ya ce zai ƙarasa yau da safe, sai aka tuna masa akwai jana'iza a garinsu. Rawar nan da na yi wa dariya ita ta tsayar da shi.

Mama Esi tana zaune a kan gungumen. Na tsuguna a gabanta na ce Alhaji ya fassara daidai, kada ya gyara mini. Na ce injin gwajinmu ya nuna babu waccan cutar a gonarta, Farfesa tana ganin yunwar taki ce da ruwan da ke kwanciya a gindinsu, za a zo a duba ƙasar. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta yi tambaya ɗaya.

Alhaji ya ce, "Wai injin ne ya yi ƙarya, ko kai?"

Na ce, "Ni ne. Injin bai ma yi magana ba lokacin da na yi."

Ta ɗora tafin hannunta a kan gungumen. Ta ce mijinta ne ya dasa wannan a shekarar da ya kawo ta gonar, shi ya sa ta ce a fara da ita, don in ta ga an kayar da wannan sauran ba za su yi mata wuya ba. Alhaji ya fassara a hankali, yana kallon ƙasa. Ni dai da ƙasar ta tsage da na shige. Na ce ta faɗi duk abin da take so in yi.

Ta tashi ta shiga bayan bukka, ta fito da wata busasshiyar kwakwa da ta tsiro, ganye biyu a kanta, ta ce 'yar wannan bishiyar ce da ta faɗo bara. A ɗaya hannun kuma diga. Ta miƙo mini digar.

Farar shadda ce a jikina, wadda na tanada don hoton rufe taro. Na naɗe hannu na fara haƙa. Na yi rami na miƙe, ta leƙa ta girgiza kai. Na ƙara, ta sa addarta ta auna, ta girgiza kai. Dokta, wanda tun safe bakinsa ke rufe, sai ga shi ya samu lafiya, ya zaro waya yana ɗauka yana cewa, "Malam, ɗago kai kaɗan, mutanen Fagge za su so ganin fuskar." Sai a karo na huɗu, tafin hannuna ya yi ƙulu biyu, shaddar ta koma kalar kunun kanwa, sannan ta ce ya isa. Na sa kwakwar, na rufe, na taka gindin yadda ta nuna mini, na ɗebo ruwa bokiti uku daga rafi.

Ta ɗauki ɗanyar kwakwa ɗaya daga kan bishiyar da aka kayar, ta fille mata kai da sara ɗaya, ta ba ni. Na shanye tas, ban taɓa shan abu mai daɗi da kunya haka ba. Tana kallona har na gama, sannan ta yi magana mai ɗan tsawo, a karon farko na ga haƙoranta.

Alhaji Bawa ya ce, "Ya ce nan da shekara shida ko bakwai wannan zai yi 'ya'ya, in kana raye ka dawo ka sha. Ya ce ka zo da madubinka in kana so, madubi bai yi masa laifi ba. Bakin ne za ka bari a Kano."

Na buɗe baki zan ba da amsa, Dokta ya taka mini ƙafa. Na rufe. Ban sake buɗe shi da wata doguwar magana ba sai da motarmu ta wuce Zariya.